Ga Zaƙi Ga Harbi: Ginin Jumlar Ingilishi da Kalmomin Bayyana Gaurayen Ji a Makarantun Dutsin-Ma da Kurfi

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta duba wani ɗan lungu na koyar da Ingilishi wanda ba a cika tsayawa a kansa ba, watau yadda ɗalibin da ya tashi da Hausa yake gina jumlar Ingilishi idan ya so ya faɗi abubuwa biyu masu karo da juna da suka haɗu a ransa lokaci guda, kamar murna da fargaba, ko ɗoki da kewa. Wannan hali shi ne za mu riƙa kira gaurayen ji a cikin takardar. Mun zaɓi Dutsin-Ma da Kurfi ne domin yanki ne da ilmin boko ya kafu sosai. A Dutsin-Ma akwai Kwalejin Ilmi ta Isa Kaita, wadda take horar da malamai, aka kuma sa mata sunan Wazirin Katsina Alhaji Isa Kaita, tsohon Ministan Ilmi na Jihar Arewa. Akwai kuma Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. Kurfi kuwa tana kan hanyar da ta taso daga Katsina zuwa Dutsin-Ma, kuma 'ya'yanta da yawa can suke neman ƙarin ilmi. Saboda haka abin da aka koyar a ajin sakandare na waɗannan garuruwa shi ne zai bayyana a takardun jami'a, abin da kuma aka koya wa ɗalibin kwaleji shi ne zai koma da shi aji gobe.

Misalan da za mu kawo mu muka tsara su, bisa irin kurakuran da duk malamin Ingilishi a ƙasar Hausa ya saba cin karo da su. Jumlar da muka sa wa tauraro a gabanta, to ba karɓaɓɓiya ba ce a daidaitaccen Ingilishi.

2.0 Dalilin Ɗaukar Wannan Batu

Dalili na farko shi ne matsayin Ingilishi a makarantunmu. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, daga baya a koma Ingilishi. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da a yi shekara shida na firamare da harshen uwa, sa'an nan a 2025 ta bayyana janye wannan tsari. Duk yadda manufar ta juya, abu ɗaya bai sake ba: ɗalibi ba ya shiga jami'a sai ya ci Ingilishi da kyakkyawan sakamako a jarrabawar gama sakandare. A jarrabawar Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, ana duba insha'i ta fuska huɗu: abin da aka faɗa, da yadda aka tsara shi, da iya sarrafa harshe, da kuma kiyaye ƙa'idojin rubutu. Sarrafa harshe shi ne yake ɗauke da kaso mafi tsoka na maki, kuma a nan ne batunmu ya faɗo.

Dalili na biyu ya shafi rayuwa. Yaron da ya baro ƙauyensu a ƙasar Kurfi ya zo jami'a yana murna, amma ya bar tsohuwa da aikin gona. Amarya ana kai ta ɗaki ana guɗa, ita kuwa tana kuka. Manomi a gefen madatsar ruwa ta Zobe yana farin cikin saukar damina, yana kuma zullumin fita gona saboda 'yan bindiga da suka addabi wannan yanki shekara da shekaru. Iyalin da aka sako musu ɗan'uwa bayan sun sayar da abin hannunsu sun san wannan hali fiye da kowa. Idan aka ce wa yaron da ya ga irin wannan ya rubuta insha'i a kan ranar da ba zai manta ba, sai ya ɓige da "I was very happy" ko "I was very sad", to ba abin faɗi ya rasa ba, kayan aiki ya rasa. Ya taƙaita gaskiyarsa ne don ta shiga cikin 'yar jumlar da ya iya.

Masana halayyar ɗan Adam ma sun tabbatar da cewa wannan hali ba ƙage ba ne. A 2001 Larsen da McGraw da Cacioppo sun nuna cewa ɗaliban jami'a a Amurka sukan ji daɗi da baƙin ciki tare a ranar bikin gama karatu, alhali a sauran ranaku ɗaya ne kawai yakan rinjaya.

3.0 Yadda Hausa Take Faɗin Abin da Ke Rai

Tun a 1957 Robert Lado ya ba da shawarar a riƙa kwatanta harshen ɗalibi da harshen da yake koyo don a gano inda zai yi tuntuɓe. Bayan shekara goma, a 1967, Pit Corder ya ƙara da cewa kuskuren ɗalibi shaida ce ta irin ƙa'idar da ya gina a kansa, don haka abin nazari ne ga malami. Bisa wannan ra'ayi, bari mu fara da Hausa. Muna ganin tana bin hanyoyi huɗu.

Hanya ta farko ita ce amfani da aikatau "ji" tare da suna: jin daɗi, jin tsoro, jin kunya, jin haushi, jin tausayi. Wannan aikatau ɗaya shi ne kuma na jin magana da jin wari da jin ɗanɗano da jin harshe, inda Ingilishi yake da aikatau daban ga kowanne. Sunaye irin su daɗi da zafi da ɗaci da zaƙi da nauyi da sanyi, waɗanda F. W. Parsons ya yi nazarinsu a 1955, su ne Hausa take ɗaukowa daga jiki ta kai su zuci, har mu ce magana ta yi zafi, ko rai ya yi sanyi.

Hanya ta biyu ita ce mayar da abin da aka ji ya zama aikau, mutum kuwa ya zama karɓau: tsoro ya kama ni, kunya ta rufe ta, abin ya ba ni mamaki.

Hanya ta uku ita ce jingina abin ga wani sashe na mutum: farin ciki, baƙin ciki, ɓacin rai, tashin hankali, gabana ya faɗi, jikinsa ya yi sanyi.

Hanya ta huɗu, wadda ta fi shafar batunmu, ita ce jera abubuwa biyu kafaɗa da kafaɗa da "ga ... ga ...", kamar yadda ake yi wa zuma kirari da ga zaƙi ga harbi. Haka nan muna da kukan daɗi, da dariyar yaƙe, da murna ta koma ciki, da hankali ya rabu biyu.

Abin lura a nan shi ne, Hausa da suna da aikatau take wannan aiki, Ingilishi kuwa ya fi dogara ga sifa wadda take biyo bayan aikatau "be" ko "feel". Daga wannan bambanci ne kurakurai da dama suke tasowa.

4.0 Matsalolin Ginin Jumla

4.1 Maimaita aikau

A Hausa, ko da an ambaci suna, galibi lamirin suna yakan biyo baya: "Babana ya yi murna." Ɗalibi yakan ɗauki wannan "ya" a matsayin "he", sai ya rubuta:

(1) *My father he was happy.
(2) My father was happy.

Maganin wannan shi ne a nuna masa cewa "ya" tana ɗauke da lokacin aiki ne tare da jinsi da adadi, kuma a Ingilishi jikin aikatau ne yake ɗaukar lokaci.

4.2 Mai ji da abin da ya jawo ji

Ingilishi yana da tagwayen sifofi, ɗaya mai ƙarewa da "-ed" ɗaya da "-ing". Ta farko tana siffanta wanda ya ji, ta biyu tana siffanta abin da ya sa aka ji.

(3) I was confused. Na ruɗe.
(4) The letter was confusing. Wasiƙar mai ruɗarwa ce.
(5) I was confusing. Ni ne mai ruɗa mutane.

Jumla ta (5) ba ta karya nahawu ba, sai dai ta faɗi abin da ɗalibin bai nufa ba, kuma wannan ya fi haɗari. Hausa tana da wannan bambanci sarai, tsakanin "na gaji" da "mai gajiyarwa", ko "na ji mamaki" da "mai ban mamaki". Malamin da ya fara da waɗannan tagwaye na Hausa ya rage wa kansa rabin aiki.

4.3 Ko da yake ... amma

Wannan shi ne babban ramin da ake faɗawa. A Hausa daidai ne mu ce, "Ko da yake na ci jarrabawa, amma raina ba daɗi." Mahaɗan biyu suna zama tare lafiya. A Ingilishi ba haka ba ne:

(6) *Although I passed, but I was unhappy.
(7) Although I passed, I was unhappy.
(8) I passed, but I was unhappy.

Dalili kuwa shi ne "although" tana mayar da gangarta dogarau, watau wadda ba ta iya tsayawa da kanta sai ta jingina da wata, jumlar ta zama sarƙaƙƙiya. Ita kuwa "but" tana haɗa ganguna biyu ne masu daraja ɗaya, jumlar ta zama harɗaɗɗiya. Idan aka sa su tare, an ce wa ganga ta farko ta zama baiwa kuma ta zama kishiya a lokaci guda. Ya kamata malami ya gaya wa ɗalibi a fili cewa Hausarsa ba ta yi laifi ba, ƙa'idar ce ta bambanta.

4.4 Duk da

"Duk da" tana ɗaukar suna, kamar "duk da tsorona", kuma idan aka ƙara mata "cewa" sai ta ɗauki ganga. A Ingilishi "despite" da "in spite of" yankin suna suke bukata, "although" kuwa ganga.

(9) *Despite I was afraid, I went to the farm.
(10) *Despite of my fear, I went to the farm.
(11) Despite my fear, I went to the farm.
(12) Although I was afraid, I went to the farm.

Kuskure na (10) ba daga Hausa ya zo ba. Ɗalibi ne ya gauraya "despite" da "in spite of". Wannan yana tuna mana cewa ba kowane kuskure ne za a ɗora wa harshen uwa ba.

4.5 Matsayin "however"

Ɗalibai sukan ɗauki "however" a matsayin "but" mai babbar riga. Alhali kuwa bayanau ce, ba ta da ikon ɗaure ganguna biyu da waƙafi kawai.

(13) *She was glad to marry, however she wept.
(14) She was glad to marry. However, she wept.

Shaidar cewa bayanau ce ita ce tana iya sauya wuri, a ce "She wept, however", abin da "but" ba ta iya yi.

4.6 Wane ji ne ya rinjaya?

Wannan batu ya wuce gyaran kuskure, ya shiga ma'ana. Mu duba:

(15) I am afraid, but I will go.
(16) I will go, but I am afraid.

Kalmomin ɗaya ne, saƙon daban. A (15) ƙuduri ne ya yi nasara, a (16) tsoro ne ya tsaya a kunnen mai sauraro. Abin da ya biyo bayan "but" shi ne mai nauyi, kamar dai abin da ya biyo bayan "amma". A jumlar "although" kuwa, ganga tsayayya ce take ɗauke da nauyin. Idan mai magana yana son ya daidaita sikeli, babu wanda ya rinjayi wani, sai ya koma ga "both ... and", wadda ita ce mafi kusa da "ga ... ga ..." tamu:

(17) I felt both proud and anxious.

Sharaɗin wannan gini shi ne abubuwan da aka jera su zama 'yan aji ɗaya, sifa da sifa ko suna da suna. Saboda haka *"both proud and anxiety" ba ta karɓuwa.

5.0 Matsalolin Kalmomi

Sanin ma'anar kalma daga ƙamus bai isa ba. Dole ɗalibi ya san abu uku game da ita: ajinta a nahawu, da wanda take siffantawa, da ƙaramar kalmar da take bin ta.

"Mixed feelings" yankin suna ne, kullum cikin jam'i, yana tafiya da "have" da "about": "I have mixed feelings about leaving Kurfi." Ita ce ta fi sauƙi, ita ya kamata a fara da ita.

"Ambivalent" sifa ce ta mutum ko ra'ayinsa, tana ɗaukar "about" ko "towards". Asalinta daga Latin ne, daga saiwoyi biyu masu nufin "duka biyu" da "ƙarfi", kuma likitan ƙwaƙwalwa Eugen Bleuler na ƙasar Suwizalan ne ya ƙirƙiro sunan da ta fito daga gare shi a 1910. Ana yawan rikita ta da "ambiguous", wadda take siffanta magana mai harshen damo, da kuma "indifferent", wadda take nufin halin ko-in-kula. Bambancin a bayyane yake: mai "ambivalent" abu biyu ne suke jan sa da ƙarfi, mai "indifferent" kuwa babu abin da yake jan sa.

"Bittersweet" ita ce zumar Bature, ga ɗaci ga zaƙi. Amma abu take siffantawa, kamar rana ko tunani ko rabuwa, ba a cika siffanta mutum da ita ba. Ana cewa "It was a bittersweet day", ba a cewa *"I was bittersweet".

"Torn" tana ɗaukar "between", kuma tana nuna zaɓi mai ciwo: "He was torn between his studies and his father's farm." Wannan shi ne tsaka mai wuya.

"In two minds" tana nufin rashin yanke shawara, watau hankali ya rabu biyu. A nan sai an yi hattara. Bahaushe idan ya ce ya yi abu da zuciya ɗaya, yana nufin tsakani da Allah, don haka zuciya biyu tana iya ɗaukar zargin rashin gaskiya. "In two minds" ba ta ɗauke da wannan zargi ko kaɗan.

"Reluctant" tana ɗaukar "to" da aikatau, tana nufin yin abu ba da son rai ba. "Relieved" kuwa ita ce ajiyar zuciya bayan fargaba ta wuce, kuma ita ce kalmar da ɗalibai suka fi bukata suka kuma fi rashi, domin sau da yawa inda suka rubuta "happy" abin da suke nufi ke nan.

Akwai kuma kalmomin Hausa da suka fi takwarorinsu faɗi. "Kunya" ta ƙunshi "shy" da "ashamed" da "embarrassed", ta kuma ƙunshi wata ma'ana ta ladabi, irin kunyar suruki ko ta ɗan fari, wadda Ingilishi ba shi da kalma guda a kanta. Ɗalibar da ta rubuta "I am ashamed of my father-in-law" tana nufin girmamawa, amma abin da ta faɗa shi ne surukin nata abin kunya ne. Haka "kishi" yake: na kishiya "jealousy" ne, na ƙasa kuwa "patriotism". Wanda ya ce "I am jealous of my country" bai faɗi abin da yake nufi ba.

6.0 Shawarwari

Na farko, a fara darasi daga abin da ɗalibi ya sani. A sa shi ya faɗi halin da Hausa, a rubuta a allo, sa'an nan a tambaye shi wane ji ne ya fi ƙarfi. Amsarsa ita za ta zaɓi ginin jumlar Ingilishi, ko "but", ko "although", ko "both ... and".

Na biyu, a riƙa ba da aikin haɗa jumloli. A ba ɗalibi gajerun jumloli biyu, kamar "I got admission" da "My mother will be alone", a ce ya haɗa su ta hanya huɗu, ya kuma bayyana yadda ma'ana ta sauya a kowace.

Na uku, kada a koyar da kalma tsirara. A rubuta ta tare da abokiyar tafiyarta: "proud of", "anxious about", "torn between", "reluctant to".

Na huɗu, a zaɓi kan insha'i daga rayuwar yankin, kamar ranar kai amarya, ko ranar barin gida zuwa makarantar kwana, ko sayar da ragon da yaro ya yi kiwo da hannunsa a kasuwar Dutsin-Ma. Amma a nan muna jan hankalin malamai: yaron da tashin hankali ya taɓa gidansu kada a tilasta masa rubuta abin da bai shirya faɗi ba. A bar masa zaɓi.

Na biyar, sassan Hausa da na Ingilishi a kwaleji da jami'a su riƙa zama tare a kan irin wannan batu. Malamin Hausa ya san dalilin kuskuren, malamin Ingilishi ya san gyaransa, ɗalibi kuwa yana bukatar duka biyun. Ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da kalmomin zuci waɗanda za a iya tsamowa a jera su da takwarorinsu na Ingilishi, a fitar da ɗan littafi don amfanin malaman sakandare.

7.0 Kammalawa

A cikin wannan takarda mun yi ƙoƙarin nuna cewa wahalar da ɗalibin Dutsin-Ma ko na Kurfi yake sha wajen bayyana gaurayen ji da Ingilishi tana da tushe iri biyu. Wani sashe daga bambancin ginin harsunan ne, kamar maimaita aikau da haɗa "although" da "but" da faɗin ma'anar kunya da kishi. Wani sashe kuwa daga cikin Ingilishin kansa ne, kamar rikita "despite" da "in spite of", ko "ambivalent" da "ambiguous". Malamin da ya iya rarrabe waɗannan biyu zai san inda zai kira Hausa ta taimaka masa, da inda zai tsaya ga yawan gwaji kawai. Ba mu taɓo batun karin murya ba, wanda shi ma yana sauya nauyin ganga a magana, kuma muna fata wani daga cikin mahalarta zai ɗauke shi a zama na gaba. Muna maraba da gyara da ƙarin bayani daga malamanmu. Allah ya sa mu dace.